Cindo Ya Ɗauki Nauyin Baba Maiwada

A can saman duwatsu, inda gajimare kan sauko ya kwanta a gonakin dankali, akwai wani ƙauye da ake kira Rafin Sanyi. A nan Cindo yake zaune da mahaifiyarsa Iya Tabawa da matarsa Kuluwa. Ƙato ne, ga ƙarfi, ba ya faɗa, ba ya musu. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa a gidan kowa sai ya auna maganarsa kafin ya furta.

Wata rana da kaka, ana tsakiyar girbin acca, hedimasta Malam Sadau ya tara mutane. Ya ce za a yi tsere daga ƙauyen zuwa garin da ke gindin dutse, rabin gudun fanfalaki. 'Yan birni za su zo, gudummawar da aka samu kuma a gina asibiti da ita a ƙauyen, don an gaji da rasa marasa lafiya a hanya. Cindo ne ya fara ɗaga hannu. Washegari Iya Tabawa ta fito ta tarar da shi yana tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai langa, har ya ture mata tukunyar koko.

"Kai Cindo, aljanu ne suka shige ka?"

"Iya, Malam ya ce rabin gudu ne. Ɗaya ƙafar tana hutawa."

Wata rana Malam Sadau ya ce masa, "Idan kana so ka saba, kullum ka yi sammako ka kama hanya." Da gari ya waye mata masu zuwa ɗibar ruwa suka iske Cindo rub da ciki a tsakiyar turba, ya ƙanƙame ƙasa da hannu biyu. Jakuna suka yi cirko-cirko a bayansa. Da aka kira Malam Sadau, Cindo ya ɗago fuska duk ƙasa ya ce, "Malam, na kama ta. Ko motsi ba ta yi ba."

Wata rana aka raba wa masu tsere lamba, aka ce kowa ya manna tasa a ƙirji. Cindo ya tuɓe riga, ya jiƙa ƙaro, ya liƙa takardar a fatarsa. Kuluwa ta yini da ruwan ɗumi tana ɓamɓara, gashin ƙirjinsa na biyo takardar, shi kuwa yana ihu.

"Maigida, a jikin riga ake nufi!"

"To ai ba a ce riga ba."

Ranar tsere gari ya yi wasai, ciyawar duwatsu ta fara ja, baƙi sun cika filin makaranta. Malam Sadau ya hau benci ya ce, "Ku tuna, gudun nan ba na banza ba ne. Yau kowannenku ya ɗauki nauyin marar lafiya ɗaya a ƙauyen nan." Aka hura usur, aka ɓarke da gudu. Cindo kuwa sai ya juya cikin gari.

Gidan Baba Maiwada ya nufa, wani tsoho mai taurin kai da lauje ya yanke a ƙafa wurin girbi. Ƙafar ta kumbura suntum, an yi an yi ya sauka asibiti ya ce ganyen da yake ɗaurawa ya ishe shi. Cindo ya yi sallama, ya sunkuci tsohon, ya goya shi da zane, ya fita a guje.

"Kai ɗan nan, sauke ni! Ina za ka kai ni?"

"Baba, yi haƙuri, Malam ne ya ce. Kai kaɗai na sani ba ka da lafiya."

Tsoho ya yi ta ƙwala masa hula a ka har hannu ya gaji. Suka gangara ta cikin gonaki, suka ratsa kwazazzabo, suka ɓullo inda ruwa ke zubowa daga kan dutse fari fat. Baba Maiwada ya tsura wa ruwan ido, rabonsa da wurin tun yana kiwo. Can kuma sai ya zunguri Cindo. "Ga wani mai jan wando can yana haki. Wuce shi mana!"

Sun wuce shi, amma duk da haka kusan su ne na ƙarshe. Da suka iso, taro ya fashe da dariya. Wata likita da ta yi tseren, Dakta Zulai, ita ba ta yi dariya ba. Ta kwance tsumman ƙafar, ta duba, ta sa aka kawo mota nan take. Ta ce da an ƙara kwana biyu, sai dai a yanke ƙafar.

Baƙin suka ɗaga kai suka dubi tsawon dutsen, suka dubi Cindo yana ɗigar gumi. Sai a lokacin suka gane abin da mutanen Rafin Sanyi ke sha in ciwo ya zo. Wani ya ce siminti nasa ne, wani ya ce shi zai yi rufi. Kafin kaka ta zagayo, Baba Maiwada da ƙafarsa ya taka zuwa buɗe asibitin.

Amma a ranar tseren, Malam Sadau ya dafa kafaɗar Cindo, idonsa ya ciko, ya ce, "Wallahi yau kai ka ci tseren nan."

Cindo ya shafa ciki ya ce, "A'a Malam, ba ni ba ne. Tun safe ko koko ban sha ba."