Yadda Za Ka Maye Furen Matarka Kafin Ta Dawo Daga Michika

Kai maigida, matso kusa. Idan uwargida ta yi tafiya ta bar maka amanar fure ɗaya tak, kai kuma ka bar ƙofa a buɗe akuya ta shiga ta yi kalaci da shi, kwantar da hankalinka. Hanyar da zan koya maka tabbatacciya ce, ba ruwanta da maganin kanti, duk kayan aikin suna cikin kicin ɗinka. Maƙwabcina Zacharia na nan unguwar Nassarawo a Mubi ya bi ta daga farko har ƙarshe, kuma har yau da aurensa. Da shi za mu yi misali.

1. Ka san girman ɓarnar

Furen ros ne a tsohon bokitin fenti. Matarsa Roda ta zo da shi daga gidan mahaifiyarta a Michika bayan an yi mata jana'iza. 'Yan'uwa suka raba tukwane da zannuwa, ita reshe kawai ta yanko. Da za ta tafi Michika jegon ƙanwarta ita da 'yarsu Miracle, sai da ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Miracle, ruwa kawai, safe safe. Kuma ka rufe ƙofa."

Zacharia ya yi dariya. "Haba, a ƙauyen Digil aka haife ni fa. Ni da na yi noman masara, fulawa ne zai gagare ni?"

Ya dawo daga kallon ƙwallo ya tarar da bokitin a kife, furen har jijiya an tauna. Nan take ya ɗora hannu a ka. In kai ba ka ɗora ba, ba ka fahimci matsalar ba tukuna.

2. Kada ka faɗa a waya

Za ta kira, za ta tambaya. Gaskiya abu ce mai nauyi, ba a tura ta ta waya, musamman inda sabis ke yankewa. Da Roda ta ce, "Yaya fulawa na?" Zacharia ya ce, "Yana nan lafiya lau," ya yi sauri ya tambayi lafiyar jariri. Ka koyi wannan.

3. Nemo reshe

Kana son reshe mai kaurin fensir, tsawon tafin hannu, mai idanu a jiki. A yanka a karkace daga ƙasan ido, a zage ganyen ƙasa. Wannan mai sauƙi ne. Wahalar ita ce a gidan wa.

A duk layin, maƙwabciyarsu Mama Dibora ce kaɗai ke da ros a jikin katanga. Kada ka roƙa, domin tare suke zumuntar mata da matarka, labari zai riga mota isa Michika. Ka je da rana tsaka, lokacin da kake zaton tana wajen koyon waƙa. Zacharia ya yi zaton haka.

"Zacharia, me kana yi a cikin fulawa na?"

"Mama, maciji na gani."

"Shi ya sa ka zo da reza?"

Ta karɓi rezar, ta yanka masa da hannunta. "Sa a ƙasa mai yashi, a inuwa, ka bar shi. Kar ka dame shi." Ka yi godiya, amma kada ka bi. Shawarar da ba ta sa mutum gumi ai ba ta kai shawara ba.

4. Haɗa magani

Masana sun ce a tsoma gindin reshen cikin zuma, ko ruwan alobera, ko garin kirfa. Sun ce "ko", amma kai sauri kake yi, don haka haɗa duka. Zacharia ya ƙara toka, ya kuma watsa takin zamani cike da hannu, don a Digil ba a barin shuka da yunwa. Kafin yamma kiyashin unguwa duk sun hallara wajen zumar. Alama ce mai kyau, abin ya karɓu.

Sai babban sirrin, wanda ya gani a bidiyon waya: a huda dankalin turawa da ƙusa, a cusa reshen a ciki, a binne. Babu na turawa a gidan, amma akwai na Hausa rabin buhu a lungu. Dankali ai dankali ne. Ya zaɓi mafi girma ya binne, ya tara masa ƙasa kamar yadda babansa ya koya masa, ya kifa robar ruwa da aka yanke a kai.

5. Ka riƙa duba jijiya

Kowace safiya ka zare reshen ka ga ko ya fara jijiya, sannan ka mayar. Yaya za ka san ana aiki in ba ka leƙa ba? Idan ya fara baƙi, hutawa yake yi. Ƙara ruwa.

6. Yi murna da abin da ya fito

Wata safiya Zacharia ya ɗaga robar ya ga tsiro, kore shar. Har rawa ya taka shi kaɗai a tsakar gida. Ganyen ya yi faɗi, babu ƙaya ko ɗaya, ya fara rarrafe yana sauka daga bokitin.

Za ka ce mutumin da ya girma yana haƙar dankali ya kamata ya gane. To, tsoro na rufe ido. Ya gaya wa kansa irin na zamani ne, marar ƙaya. Mama Dibora ta leƙo karɓar ashana, ta kalli bokitin, ta ce, "Allah ya ba da amfani mai yawa," ta fita kafaɗunta suna rawa.

7. Ranar dawowa

Share gida, dafa shinkafa, je tasha ka ɗauko jaka da kanka. Duk wannan Zacharia ya yi. Roda ko takalmi ba ta cire ba ta wuce wajen bokitin. Ta sunkuya ta duba ganyen.

"Baban Miracle, wannan dankali ne."

"Haka yake farawa."

Ta sa hannu cikin ganyen ta zaro ɗan baƙin tsinke, ta murza shi, ya marmashe. Idanunta suka ciko. Zacharia ya so ta yi ihu, ta jefe shi da takalmi, komai dai ban da waɗannan hawayen. Tausayinta ya kama shi, kunya kuma ta hana shi ɗaga kai. A lokacin ya gane ba fure aka ba shi ajiya ba, abin da ya rage mata na uwarta ne.

Ta goge ido da bakin zani, ta buɗe jakar da ya ɗauko, ta ɗaga ƙullin wake. A ƙasa akwai jiƙaƙƙen tsumma, a ciki rassan ros, ɗanyu, an yanka su a karkace.

"Daga bayan ɗakin Mama na yanko," in ji ta. "Tun mota bai bar Mubi ba na san zan yanko wani. Na san wanda na aura."

Ya nuna bokitin. "To dankalin fa, in cire?"

"Bar shi. Ka ci gaba da ba shi ruwa, shi ne naka."

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a cizon kiyashi, sukar ƙaya, asarar zuma, ko dariyar da za ka riƙa ji a bayanka duk ranar Lahadi. Na yi alkawarin wani abu zai tsiro, kuma ya tsiro. Idan ta bayyana cewa matarka ta san halinka tun kafin ka nuna shi, ba ni na gaya mata ba, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa.