Rasuwar Saje, Mai Ƙarar Banza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya fi baƙin cikin yawa, Merv Tolhurst na garin Adelaide River, tsohon direban gireda, yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urarsa ta auna tururin yuraniyom, wadda kowa ya sani da suna Saje. Ya cika ranar Talata a kan teburin baranda, batir ya zube masa a ciki. Ba a roƙon kowa ya yi masa addu'a.

Marigayin ɗan gwamnati ne gaba da baya. Akwati ne ruwan ɗorawa mai hatimin hukuma, da wata sanda a jikin waya da yake sansana abubuwa da ita. Ya yi shekaru a sito yana jiran yaƙin da bai zo ba, har aka fitar da shi gwanjo a birnin Darwin. Merv, wanda ya san injin da zai mutu tun daga jin tarinsa, ya ga hatimin nan ya ce kayan gwamnati ba ya ƙarya. Wannan ita ce magana mafi wauta da ya taɓa yi, kuma ya yi da yawa.

A faɗi alherinsa, don ba a rasa ba. Ba ya tsatsa. Yana da nauyin da zai tare ƙofa. Shi ke nan.

Muryarsa kuwa ba mai mantawa. Ƙas. Ƙas-ƙas. Ƙarrrr. Gidan Merv bai da nisa da tsohuwar mahaƙar yuraniyom, saboda haka duk abin da ya tsargu da shi sai ya ɗauko Saje ya kunna. Maƙalin sandar ya karye tun ranar gwanjo, shi ya sa ya naɗe ta da salatif a gefen akwatin. Ya kunna a bakin rijiyar burtsatse, Saje ya ce ƙarrr, aka rufe rijiya. Maƙwabcinsa Con ya kawo kifin baramandi kyauta, ƙarrr, aka mayar masa da kifinsa a gaban mutane. Giya kaɗai ce ba a taɓa aunawa ba.

Sai aka zo kan mangwaro. Itace goma sha huɗu ne, matarsa Noelene ta shuka su da ƙwallayen gidan mahaifiyarta, shekara talatin da suka wuce. Saje ya yanke musu hukunci ɗaya bayan ɗaya. Merv ya tayar da injin zarto. A kan na tara Noelene ta fito da jakarta.

“Tsoho, zaɓi ɗaya, ni ko wannan gwangwanin.”

“Noels, ranki nake cetowa.”

“To ka cece shi daga nesa. Ina garin Katherine wurin yayata.”

Da damina ta kankama, danshi ya shiga cikin marigayin, muryarsa ta dishe. Merv ya kira Dot Pereira, wadda ta yi shekara ashirin tana wannan awon a mahaƙa, ta zo ta duba majinyaci. Ta zo da tata na'urar mai takardar gwajin bana. Rijiya, shiru. Kututturan mangwaro tara, shiru. Biyar ɗin da suka rage, shiru. Da ta kawo ta gefen Saje sai na'urar ta ɗauki kuka.

Dot ta ɓare salatif. A ƙarƙashinsa ga wani ɗan abu kamar maɓallin riga, manne da akwatin.

“Merv, ka san mene ne wannan? Masu ƙera shi suka sa, mai tururin ne da gaske, don a gwada a ji ko na'urar tana aiki. Kai kuma ka ɗaure masa hanci a kai. Shekara biyu warin hammatarsa yake ji.”

“Amma a wurin mangwaro ya fi ihu.”

“Ka taɓa kunna shi a tsakiyar titi?”

Bai taɓa ba. Ta nuna masa takardar gwajin da ke ƙasan akwatin, ta shekarar 1968. A duk faɗin filin Merv, abu ɗaya ne mai tururi, shi ne wanda yake nuna wa kowa yatsa. Laifi tudu ne.

Marigayin ya rasu ya bar kututture tara, da rijiya mai lafiya da aka toshe da siminti, da maƙwabcin da ba ya amsa gaisuwa, da tsoho ɗaya mai cin wake daga gwangwani. Ya kuma bar 'yan uwa a kasuwannin gwanjo. Duk wanda ya ga ɗaya ya duba takardar gwajinsa kafin ya duba hatimi, ya kunna shi inda ba ya zargin komai, kuma kada ya sayi zarto rana ɗaya da shi.

Jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe. Masu juji sun ƙi karɓar gawar, ƙasa ma an ce ba a yarda ta karɓa ba, don haka Dot za ta tafi da shi a akwatin ƙarfe ta miƙa wa waɗanda suka haife shi. Kada a kawo furanni. A zo da dashen mangwaro, ramuka tara suna jira. Con, idan ya ga dama, ya zo da kifi, za a ci a gabansa.

An aika wa Noelene. Ta ce a kira ta ranar da dashen farko ya yi 'ya'ya. Dashe yana ɗaukar shekara huɗu, Merv kuma yana da saba'in da shida, saboda haka ana roƙon masu zuwa kada su makara.