Motata Ta Rasu, Ni Ma Za a Kwashe Ni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗan zargi a gefe, nake sanar da rasuwar motata, wadda ta cika ranar Talata da safe a ƙofar gida, tana fuskantar kwata.

Marigayiya ba kyau, ba gudu, ga shan mai. Amma tun bayan rasuwar matata, ita kaɗai ta rage mai yi mini gardama da safe. Ita ce kuma hujjata. 'Yata ta daɗe tana so in bar gidana in koma nata, wai idona ya yi rauni. Muka yi yarjejeniya: muddin motar na tashi, ina nan, ran da ta ƙi, in tattara littattafaina. Na yarda ne don na ɗauka zan riga motar tafiya.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Na murɗa makulli, ta ce "gir-gir-gir", ta kasa kaiwa ga "burum" ɗin da ta saba. Na kankare kan batir. Na ari batirin maƙwabci, ya tsaya a kaina kamar ƙodarsa na ara. Na ciro fulogi na goge. Mai yana nan. Masu shago biyu suka tura ta har ƙarshen layi, ko tari ba ta yi ba.

Sai 'yata ta kira bakanike. Mutumin da tunda na san shi bai taɓa ganin motar da ba ta gyaruwa ba, ya buɗe bonet, ya leƙa, ya rufe, hannunsa ko baƙi bai yi ba.

"Baba, sai haƙuri. Inji ya gama aiki."

"Me ya same shi?"

"Shekaru," in ji shi, yana kallon 'yata.

Na karanta tarihin masu mulkin da aka gama da su a kan gadonsu, na san yadda likitansu yake magana. Na kuma lura surukina, mijin 'yata, wanda gaisuwarsa ba ta wuce ta tsaye, ya daɗe a wajen motar ran Litinin da yamma, wai yana duba mini iskar taya. Daga ƙarƙashin sitiyari. Ban zargi kowa ba.

Ta rasu ta bar taya huɗu, da safaya da ba ta taɓa taka ƙasa ba, da rediyo mai kama tasha guda, da tsoho ɗaya wanda lasisin tuƙinsa bai ƙare ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Mai sayen tsoffin ƙarafa zai zo da janwe, don haka ba a buƙatar masu turi. Bayan an ɗauke ta za a ɗauke ni, a motar surukina, kujerar baya, inda ƙofa ba ta buɗuwa daga ciki saboda yara. Masu ta'aziyya su same ni a gidan 'yata, a ɗakin da ke kusa da kicin. Su ƙwanƙwasa da ƙarfi, an ce kunnena ma ya fara.