Yadda Ake Hawan Dutse Daga Kan Bencin Mai Shayi

Maƙwabcina tela maƙaryaci ne. Ya yaudari likita, ya yaudari matarsa, ya ci amanar dutsen da bai yi masa laifin komai ba. Likita ya auna jininsa, ya dubi tumbinsa, ya ce ya riƙa hawan dutsen da ke bayan gari kowace Asabar, in dai yana son ya ga jikokinsa. Tela ya ce to. Bai taɓa wuce gindin dutsen ba, amma a unguwarmu babu wanda ya kai shi labarin yadda birni yake daga sama. Na zauna na nazarci hanyarsa. In kai ma rago ne, bi matakan nan. Na yi maka alkawari za a kira ka gwani ba tare da cinyarka ta san an yi ba.

Mataki na 1: Sayi kayan aiki

Takalmi mai ƙaton gindi, hular rana, sanda, gorar ruwa, jakar goyo. Kada ka sa su a ɗaki. Fito tsakar gida inda iyali za su gani. Yi nishi wajen ɗaure igiyar takalmi. Wannan nishin kaɗai ne na gaskiya a duk tafiyar, don haka kada ka yi rowarsa.

Mataki na 2: Nemi mai shayi

A gindin kowane dutse akwai shi. Zaɓi bencin da ke bayan allon talla. Tela yakan sa a haɗa masa shayi mai kauri, da burodi, da ƙwan da likita ya hana shi. Sannan ka buɗe kunne. Masu saukowa ba sa iya yin shiru. Za ka ji wani na cewa yau hasumiyar agogo ta fito tas, wani na cewa filin ƙwallo kamar faranti, wani na rantsuwa ya ga jirgin ƙasa yana jan ciki kamar tsutsa. Kwashe duka. Su suka sha wuya, kai za ka ba da labari. Haka duniya take tun kafin a haife ka.

Mataki na 3: Haɗa gumi

Ruwan gorar nan ba na sha ba ne. Zuba a ƙirji, a gadon baya, a hammata. Shafa ƙasa a takalmi, maƙala ɗan tsinken ciyawa a ƙafar wando. Goge gemu da kyau. Tela ya taɓa komawa gida da maiƙon ƙwai a haɓa, ya ce iskar sama ce ke sa fata ƙyalli. An yarda, amma ba kowa ke da irin matarsa ba.

Mataki na 4: Ba da labari, amma ka san iyakarka

Tsaya a kan zancen gada, da tashar jirgi, da dogon benen banki. Waɗannan ba su da bakin ƙaryata ka. A nan Tela ya zarme. Yana kwance a tabarma, matarsa na matsa masa ƙafafun da ba su je ko'ina ba, sai ta ce, "Baban yara, wai har gidanmu ana gani?"

"Gidanmu? Har igiyar shanya. Ke dai ba ki san sama ba."

Asabar ta gaba baiwar Allah ta hau rufin gida da jan zanenta, ta tsaya cikin rana tana kaɗa shi wajen dutse, ga ciwon gwiwa. Da ya dawo ta tare shi a ƙofa.

"Ka gan ni?"

"Na gan ki mana! Har na ɗaga miki sanda."

Ta yi dariya kamar yarinya, ta gaya wa maƙwabta. Daga nan abin ya zama nata aikin na kowace Asabar. Ni da kaina na sha hango ta a kan rufin, shi kuwa yana can yana ce wa mai shayi a ƙara madara.

Mataki na 5: Hana suruki kwana

In mahaifin matarka ya zo ranar Juma'a, sa shi a mota kafin magariba. Surukin Tela tsohon mai raba wasiƙu ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙafa, har yau in yana tafiya sai ka yi sassarfa. Da ya ji labarin jan zane, ya ce, "Madalla. Gobe sai ka kai mu, ɗana, ni da ita."

"Baba, ai kamar hadari ke haɗuwa."

Tsoho ya ɗaga kai. Sama tas, ko tsuntsu babu.

Washegari kafin su fita, matar ta hau rufi ta shimfiɗa zanen, ta danne shi da duwatsu, don ita ma ta ga abin da mijinta ke gani.

Mataki na 6: Toshe bakin mai shayi

Tela bai yi ba. Suna isowa gindin dutse mutumin ya ɗaga kofi ya ƙwala murya: "Ranka ya daɗe, yau an makara! Ga bencinka nan na hana kowa zama. A fasa ƙwan?"

"Haka yake yi wa kowa," in ji Tela, yana ƙara sauri. Matar ta dubi bencin, ta dubi mijinta. Ka ji tsoron irin wannan kallon.

Mataki na 7: In an kai ka sama, rufe bakinka

Tela ya isa da rarrafe, jakarsa a bayan surukinsa, sandarsa a hannun matarsa. Karon farko a rayuwarsa gumin na gaske ne. Ga birni shimfiɗe a ƙasa: gada, hasumiya, filin ƙwallo kamar faranti, yadda aka faɗa. Har ya manta kansa ya ce, "Kai! Ashe haka yake!"

Matar ba ta dubi ko ɗaya ba. Ta kare rana da tafin hannu tana neman abu ja.

"Baban yara, ina zanen?"

Ya nuna gabas. Ya nuna kudu. Ya ce wataƙila iska ta ɗauke shi.

Tsoho ya ce, "Unguwarku tana bayan wancan tudun, ɗana. Daga nan ko gobara aka yi, hayaƙi kawai za ka gani."

Ba ta yi ihu ba. Ta juyo ta dube shi, ta ce, "To ni wa nake kaɗa wa zane?"

Ba ni da mataki na takwas. Babu wanda ya taɓa amsa wannan tambayar ya tsira.

Gargaɗi

Wanda ya bi shawarar nan ya kwana a zaure, kada ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ban aike shi ba, ban san shi ba, kuma ba ni da tabarmar aro.

Shi kuwa Tela, yanzu kowace Asabar yana hawan dutsen har ƙololuwa, surukinsa na biye da shi da sanda. Matar na zama a bencin nan, an janye shi daga bayan allo zuwa inda ake hango sama sosai. Ita ke shan shayin, ita ke cin ƙwan. Ba ya saukowa sai ya kaɗa jan zanen ta gani.