Ɗakin Ango Ba Ya Yoyo

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya a tsakiyar ɗakina, gaban dangin matar da zan aura, ina roƙon Allah a zuci rufin ya yi yoyo ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni tela ne, ina da ɗan shago a Dichemso, a nan kuma nake haya a wani gidan yawa. Da maganar aurena da Zuwera ta kankama, danginta na Asokore Mampong suka ce gwaggonta, Hajiya Ramatu, za ta zo ganin ɗaki kafin a kawo kayan amarya. Hajiyar nan ba ta da wasa. Ita ta riƙe Zuwera tun tana ƙarama, kuma an ce ta taɓa rushe wani aure don kawai ta shiga ɗakin ango ta ji warin danshi. Sharaɗinta ɗaya ne, 'yarta ba za ta riƙa jan katifa daga kusurwa zuwa kusurwa duk damina ba. Da ta tambaye ni ko ɗakin na yoyo, ko ƙifta ido ban yi ba na ce mata ko ruwan zamanin Annabi Nuhu aka sake yi, ɗigo ba zai shiga ba. (Abin da ban faɗa ba shi ne ina da bokiti da tukunya da roba, kowannensu ya san wurin tsayuwarsa da zarar hadari ya haɗo.)

Mai hankali kafinta zai kira. To amma kafintan unguwarmu, duk ɗakin da ya shiga, kafin ya gama cin waakyensa, wato shinkafa da wake, na rana kowa ya san launin zanen gadon. Ga kuma maƙwabciyata Anti Memuna mai koko da ƙosai, wadda labari ba ya kwana a bakinta, ƙanwarta kuma tana aure a layin su Zuwera. Sai na yanke shawarar yin aikin ni kaɗai, a ɓoye. Na fara da silin. Na cire allon da ruwa ya ɓata, na sa sabo, na shafe ɗakin da farin fenti har sai da ya koma kamar ɗakin asibiti. Bokitin da tukunyar da robar na kai su shago. Na yi ta kallon bidiyon gyaran rufi a waya har na fara jin tausayin kafintoci.

A gidajen yawa na Zongo, wurin wanka sau da yawa ba shi da rufi, katanga ce kawai da ƙyaure. Saboda haka duk namijin da zai hau sama, ko eriya zai ɗaura, sai ya tsaya tsakar gida ya ɗaga murya: "Agoo, namiji zai hau sama!" Ba ya taka tsani sai mata sun amsa masa da amee. Na san wannan sarai. Ni ne ma kan yi wa masu ɗaura kwandon talabijin wa'azi idan sun yi sakaci. Amma idan na yi agoo, za a tambaye ni me zan yi a sama, kuma amsar za ta riga ni isa Asokore Mampong.

Ranar da Hajiya ta ce za ta zo bayan la'asar, matan gidan suka tafi bikin suna tun da hantsi. Na jingina tsani ta baya na hau kamar mage. Abin da na tarar ya ba ni tsoro. Ƙusoshi sun ɗago, robar kansu ta cinye, tsatsa ta huda kwanon wuri-wuri, hular da ke rufe tsakiyar rufin ta ɗage, wani bawan Allah kuma ya taɓa danne ta da tsohuwar taya ya ce ya yi gyara. Na zare tsofaffin ƙusoshin na kafa sababbi masu roba, ina bin layin katako don kada ƙafata ta burma. Na jiƙa farin soson nan na kwalin talabijin a fetur ya narke ya zama gam, na yanka ƙyallaye daga ragowar yadin mutane (Allah ya yafe wa teloli), na liƙe kowane rami, na mayar da hular nan mazauninta. Da na gama sai na ji kaina ya kumbura. Na ce ai tunda na hau, bari in kwashe ganyen mangwaro da ledojin ruwa da suka toshe indararo.

Indararon nan a kan wurin wanka ya ƙare. Anti Memuna kuma ba ta tafi sunan ba tukuna, wankan tafiya take yi.

Na rantse ban ga komai ba sai kumfa da jan soson raga. Ita kuwa ta gan ni gaba ɗaya, daga hula har silifas. Ihun da ta kurma, ina jin har can unguwar Bantama an ji shi. Ni kuma maimakon in ba da haƙuri in yi bayani, sai na kwanta rub da ciki a kan kwanon da rana ta gasa, wai kada a gan ni. Ban san me ya fi wannan kama da mai laifi ba.

Kan ka ce me, gida ya cika. Baba mai gida ya fito da carbinsa ya ce in sauko. Ina tsakiyar tsani, rigata duk gam, sai ga sallamar Hajiya Ramatu da wasu mata biyu. Ashe haka take yi, ta ce la'asar ta zo da hantsi, don ta ga ɗaki kafin a yi masa kwalliya.

Anti Memuna, ɗaure da zane, ta tare ta. "Hajiya, kin zo daidai. Ga angonku nan, shi na sama shi na leƙen mutane. Ko agoo bai yi ba kraa, ko kaɗan."

Hajiya ta dube ni daga sama har ƙasa. Ina son Zuwera, so na gaske, kuma a nan take na gane in ban yi wani abu ba na rasa ta kenan, da sunana tare. Abu biyu ne a gabana, in zama mai leƙen mata ko in zama maƙaryaci. Na zaɓi ƙaramin. Na ce, "Hajiya, ɗakin yana yoyo. Gyara na hau yi."

Wanda ya fara ƙaryata ni Baba mai gida ne. Ya ce tun da ya gina gidan nan ba a taɓa yin yoyo a cikinsa ba. (Ban taɓa ganin mai gidan haya da rufinsa ke yoyo ba, sai dai ɗan haya ya bar taga a buɗe.) Maƙwabta suka ba da shaida cewa da bakina na sha cewa ɗakina ya fi na kowa. Aka shiga ɗakin, silin fari tas, ko tabo babu. Na nuna gam a hannuna, Anti Memuna ta ce ai mai wayo dole ya hau da abin da zai nuna idan an kama shi. Hajiya ta ce ita ba ta yarda da bakin kowa ba, a kawo ruwa.

Mumuni direba, wanda ɗakinsa ke kallon nawa, shi ya hau, bayan ya yi wani agoo mai tsawo yana kallona. Aka yi ta miƙa masa bokiti yana kwararawa. Muna tsaye a ciki, kowa ya ɗaga kai. Shiru. Ni da na taɓa gyara fanka ta koma juyawa da baya, ni da rediyo bai taɓa fita hannuna da rai ba, sai ranar aikina ya yi kyau. Ko ɗigo. Ina kallon silin ɗin nan ina addu'a kamar manomin da fari ya kama, Hajiya kuma ta fara gyara mayafinta irin na mai shirin tafiya.

Na roƙi a ba ni dama ɗaya. Na fita tsakar gida na yi agoo da muryar da ban san ina da ita ba, gidan gaba ɗaya ya amsa amee, har da mazan. Na hau na bi aikina ina ɓamɓarewa da farce, ƙyalle bayan ƙyalle, na zare ƙusoshin da na kafa, na ɗage hular nan yadda na same ta. Na kwarara ruwa da hannuna na sauko a guje.

Fentin ya fara kumbura. Can sai ga wani ruwa ja, mai tsatsa da kashin ɓera, ya ɗigo a kan sabuwar katifar da ko ledarta ban gama cirewa ba. Wani ya sauka a kafaɗar Hajiya. Ban san lokacin da na ce alhamdulillahi da ƙarfi ba.

Hajiya ta share kafaɗarta, ta daɗe tana kallon silin, sannan ta juya ga matan da suka rako ta. "To, ba mai leƙe ba ne, maƙaryaci ne," in ji ta. "Wannan kam muna da irinsu a gida, mun san yadda ake zama da su."

An ɗaura auren, amma sai da kafinta ya canja kwanon ya kuma ba unguwa labari, sai da Hajiya ta dawo ranar da ake tafka ruwa ta zauna a ɗakin har ya ɗauke, sai da kuma na durƙusa gaban Anti Memuna na ba ta haƙuri, na ɗinka mata kayan Sallah. Har yau idan za ta shiga wanka takan tambayi Zuwera ko maigidan yana ƙasa.

Ba zan ce na daina ƙarya ba, tela ne ni. Abin da na koya shi ne, idan za ka yi ta, kada ka yi mata aiki mai kyau sosai. Ka bar wa gaskiya ɗan rami ko ɗaya, domin akwai ranar da kai za ka fi kowa bukatar ta ɗigo.