Gidana na Bakin Teku

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Bashiru, ƙanin matata, a Zurmi ba. Ko da na so in manta, akwai mutum wajen arba'in da suka ɗauki nauyin tuna mini kyauta.

Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a Ƙaura Namoda. Shekara goma sha huɗu ina zana teku a allo da farin alli, ina kwatanta wa ɗalibai yadda igiyar ruwa ke tasowa ta koma, har da karkaɗa hannu. Amma ban taɓa ganin teku da idona ba. Ruwa mafi girma da na sani shi ne kogin Gagare in ya cika da damina, shi ma daga kan gada nake gaishe shi.

Da dogon hutu ya matso, matata Luba ta kawo shawara. Ta ce, "Baban Ummi, bana dai mu fitar da yaran ga su ga wani abu. Ga madatsar ruwa ta Bakolori, ga dutsen Kwatarkwashi. In hanya da lafiya mu tafi da safe mu dawo da la'asar."

Shawara ce mai kyau, kuma da na bi ta da yau ba ni da labarin ba ku. Sai dai a satin nan na ci karo da wata talla a wayata: farin gida mai bene, itatuwan kwakwa, ga teku shuɗi shar a bayansa kamar an wanke shi da bula. An rubuta wai kai ma za ka iya mallakar gida a bakin teku, can wajen Legas, da kuɗin da bai kai na fili a ƙauye ba. Na cike fom don wasa. Washegari wani mutum daga kamfanin da ya yi tallar ya kira ni.

Turanci yake yi, irin mai gudu, kamar ana zuba tsakuwa a kwanon sha. Ga sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Cikin kalma goma ina kama uku. Mai hankali zai ce a maimaita masa. Ni kuwa a ɗakin malamai nake, kowa ya kasa kunne, ga malamar Turanci a gefe tana duba littattafai. Sai na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya na shiga "yas, yas, okke," ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Akwai wata kalma da ya yi ta nanatawa, wadda in an juya ta da Hausa za ta ba da "rabon lokaci". Nan take na yi mata fassara a raina: wato za a raba mini lokacin biya, in riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan. (Ban tambayi kowa ba. Malami ne ni, wa zan tambaya?)

Kafin a tashi makaranta labari ya zaga cewa na sayi gida a bakin teku. Ban ce na saya ba, amma kuma ban ce ban saya ba. Abokan aiki suka naɗa ni Sarkin Ruwa, na karɓi sarautar hannu bibbiyu. Na fara rabon gayyata kamar goro. Mataimakin shugaban makaranta na ba shi ɗakin sama. Mai shayin bakin tasha na ce ya shirya, iskar teku tana maganin ciwon baya. Har tafiyata ta canza.

A gida Luba ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Gidan ga duka, da wannan kuɗi? Ko akuya aka yi wa wannan araha ai sai ka duba haƙoranta."

Na ce, "Ke matsalarki ba ki san harkar zamani ba. Mutane na maganar teku kina maganar dutse."

"To da mi za ka biya?"

A nan ne na faɗi abin da ya sa ta ajiye tsintsiya. Na ce na riga na yi wa dillali magana ya nemo mai sayen gonarmu ta Banga. Gonar gado ce, ita ke ba mu geron da muke ci shekara. Luba ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Allah ya sa alheri," da irin muryar da ake yi wa mai tafiya kurkuku addu'a. Kwana uku tuwona yana zuwa ba man shanu.

Ana haka sunan ya zo, muka tafi Zurmi. Surukina, mahaifin Luba, tsohon alƙali ne, kuma har yanzu duk wanda rabon gado ya rikice masa a yankin wurinsa yake zuwa. Mutum ne mai ƙarancin magana. Shekara goma sha biyu ina auren ɗiyarsa ban taɓa ganin haƙoransa ba, kuma ban taɓa zama a gabansa na miƙe ƙafa ba.

An raɗa suna, an ci masa da miyar taushe, maza suna zaune a rumfar ƙofar gida ana hira, mata kuma suna daga bayan katanga. Sai Bashiru, wanda ba ya ganina ya ƙyale, ya ɗaga murya: "Jama'a, ku gaida Sarkin Ruwa! Yaya, yaushe za a kai mu mu ga gidan?"

Nan fa aka yi caa a kaina. Na fito da waya, hoto ya zaga hannu-hannu har ya isa wurin Baba alƙali. Ya gyara tabarau ya duba, ya miƙo mini wayata. Ni kuma bakina ya riga ya tsinke. Na ce bana in Allah ya yarda duk wanda ke rumfar nan yana da masauki. Na ce Inna, surukata, ita za a ba ɗakin ƙasa saboda gwiwa. Daga bayan katanga na ji wata ta rangaɗa guɗa.

Kamar an shirya, sai wayar ta yi ƙara. Lambar kamfanin ce. Da ina da rabo da na tashi na koma gefe. A'a. Na ce, "Yawwa, ga su nan ma," na danna lasifika, na ajiye wayar a tsakiyar tabarma.

Wannan karon mace ce, kuma Hausa take yi tsantsa. Ta ce an ga daga Zamfara nake, shi ya sa aka ba ta ni don ta yi mini bayani dalla-dalla. Sabis kuwa, wanda a Ƙaura sai ka hau tudu kake samunsa, ran nan ya tsaya cak kamar an ɗaure shi.

Ta ce, "Alhaji, kafin mu ci gaba, wane mako ka zaɓa?"

Na ce, "Mako na me?"

"Makonka na shekara. Ai ka san tsarin: gidan ku da yawa ne kuke da shi, kowa da makonsa. Kai kwana bakwai ne naka a shekara, rana ta takwas wani ya shigo."

Na yi wata 'yar dariya na ce, "Hajiya, ina jin ba fayil ɗina ke gabanki ba. Ni gidan nake saye."

"Shi ne dai, Alhaji. Ai abokin aikina ya ce ya yi maka bayani, ka ce ka gane komai." Ta ci gaba, baiwar Allah, da muryarta mai daɗi, tana tona ni a hankali. Makonnin hutu duk an kama, saura guda, kuma ya faɗo daidai lokacin jarrabawar zango na biyu. Ba gidan duka ba ne, ɗaki ne da falo, mutum huɗu aka yarda su kwana. Kowace shekara akwai kuɗin gyara, ko ka je ko ba ka je ba.

Bashiru ya matso ya ce, "Hajiya, ni ƙaninsa ne. Amma dai ana hango teku ta taga?"

Ta ce, "Wannan na masu babban tsari ne. Na Alhaji yana kallon wurin janareta. Amma ba nisa, in ka hau babur."

Wani tsoho ya ƙware da fura. Na kai hannu zan kashe wayar, sai Baba alƙali ya ɗaga tafinsa. Hannuna ya tsaya a sama.

Ya ce, "Wagga baiwar Allah, ina da tambaya. Makon ga, ana gadonsa?"

"Ƙwarai kuwa, Baba. Yana shiga cikin dukiya."

Baba ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi, kamar yadda yake yi in an kawo masa rabo mai wuya. Ba wasa a fuskarsa ko kaɗan, wannan ne ma ya fi kashe ni.

Ya ce, "Kwana bakwai, awa ɗari da sittin da takwas ke nan. In Malam ya riga mu, Allah ya ba da tsawon rai, tunda akwai ɗiya, matarsa tumuni gare ta, kashi ɗaya cikin takwas. Awa ashirin da ɗaya." Ya buɗe ido ya dubi Bashiru. "Daga nan zuwa Ikko, Legas ɗin taku, awa nawa ne a mota?"

"Baba, in ba a samu matsala ba, kamar haka ɗin."

"To. Sai ta gama takaba, ta yi yini da kwana bisa hanya, ta je ta kalli janareta awa ashirin da ɗaya, ta dawo." Ya juyo gare ni. "Malam, gonar Banga aka ce za ka saida don wanga?"

Ban san wa ya gaya masa ba. (Na sani.) Daga cikin wayar matar tana cewa, "Alhaji? Alhaji, kana ji na? In rubuta maka makon?" Sai rumfa ta fashe. Bashiru ya kwanta yana dukan tabarma. Daga bayan katanga dariyar mata ta taso, kuma a cikinta na tsinkayi wata murya da na sani sarai. Na ɗaga kai, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: Baba alƙali ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa.

Na ce zan je in yi alwala. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne. Na yi alwalar kuwa, na sake wata, na tsaya a bayan masallaci ina nazarin wata bishiyar dogon yaro har aka kira azahar.

A mota muna komawa Luba sai gyaran mayafi take yi tana kallon taga. Da muka iso gida ta kawo mini tuwo, man shanu har yana kwaranya. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Washegari da sassafe na je na ce wa dillali a bar maganar gona. Ya ce ai labari ya riga ni isowa.

Hutun kuwa Bakolori muka je, a motar haya, da kular dambu da gorar zoɓo. Yara suka yi ta ihu da suka ga ruwa ba iyaka. Wani mai kwalekwale ya ce in shiga ya zaga da ni, na ce ina da mura.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na saye shi da tsada. Kunyar cewa "ban ji ba, maimaita" ta minti ɗaya ce, a gaban mutum ɗaya. Wadda ke biyo bayan "na gane" na ƙarya kuwa, sai ta jira ka tara jama'a tukuna. Shi ya sa yanzu in na gama darasi na ce, "Kun gane?" aji ya amsa, "Mun gane, Malam!" ba na yarda. Sai in nemi wanda ya fi kowa gyaɗa kai, in ce ya tashi ya faɗa mini da Hausa. Ba mugunta ba ce. Ceton yaron nake yi, domin shi ma wata rana zai yi suruki.