Kafso Ba Tsarabar Dubiya Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar 'Yan Dubiya, Reshen Potiskum, Sarkin Likitocin Bakin Gado, Garkuwan Masu Magani a Aljihu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da wanda ya ƙware a aikin likita ba tare da ya wahalar da kansa da zaman aji ba, ina miƙa godiyar gidanmu. An yi wa maigidana, Baban Khaulat, aikin ƙaba. Likita ya gama nasa lafiya, ku kuma kuka kama naku, har yau muna jinya. Ga 'yan koke-kokena, a gafarta wa mai ƙaramin sani.

Na ɗaya. Likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Maganin kashe ƙwayoyin cuta allura ɗaya ce ake yi dab da fara aiki, domin wuƙa ta tarar da magani tsaye a cikin jini. In an ɗinke, ciwo kuma bai nuna alamar ruɓa ba, sai tsafta da maganin zafi. Da labarin ya iso majalisarku, aka ɗau salati kamar an sallame shi ba ɗinki. Goggo Fanne, yayar mahaifinsa, ta rantse likita raina mu ya yi, domin ita da aka yi mata aiki sai da ta sha kafso har ta manta ɗanɗanon miya. Ranka ya daɗe, shingen gona kafin akuya ta shiga ake yinsa, ko kuwa bayan an kai amfani gida ake ta ƙara masa ƙaya?

Na biyu. Kowa ya zo da tsarabarsa. Wannan da kafso ja da yalo a ƙullin leda, wancan da ragowar wanda aka rubuta wa jikarsa lokacin ciwon kunne. Da na hana, aka koma aikin ɓoye. Na fita alwala, na dawo na tarar farin kunun gyaɗa ya koma ruwan ɗorawa. Goggo ta ce wai kurkur ne. Tun da uwata ta haife ni, a wane gari ake zuba kurkur a kunu?

Na uku, kuma a nan nake roƙon a ba da lambar yabo. Alhaji Hammawa, abokin cinikinsa a kasuwar shanu, ya zo da kwalba mai hoton bijimi a jiki. Wai ita ta tayar masa da wani sa da aka soka da ƙaho. Ya tsaya a gefen gado, ya auna maigidana da ido yadda suke yi ranar kasuwa, ya yanke hukuncin cewa nauyinsa bai wuce na maraƙi ba, don haka rabin sirinji ya isa. Na daɗe ina zaune da mijin nan nawa. Na kira shi da sunaye iri-iri a cikin zuciyata, amma ban taɓa tunanin kai shi wurin likitan dabbobi ba. Kwalbar tana hannuna, a faɗa wa mai ita ya zo da kansa ya karɓa.

Na huɗu. Kunun Goggo ya yi aikinsa. Dattijo mai sabon ɗinki ya wuni yana safa da marwa tsakanin gado da banɗaki, hannu dafe da ciki, yana tafiya kamar mai taka ƙwai. Likita ya ce magungunan ne suka kashe ƙwayoyi masu amfani da ke cikin hanji. Majalisarku mai albarka ta zauna, ta ce dattin aiki ne ke fita, a ƙara masa.

Na biyar ba na dariya ba ne. Ƙabar ɗaya ɓangaren ma tana jiran wuƙa, an riga an ba mu rana. Likita ya ce ƙwayar cutar da aka yi ta ba magani ba gaira ba dalili sabawa take yi da shi, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai ta ƙi ji. In hakan ta faru, Allah ya kiyaye, na san ba za ku yi ƙasa a gwiwa ba. Za ku cika zaure, ku ci shinkafar sadaka, ku ce kwana ne ya ƙare. Wa zai shiga takaba, ni ko majalisa?

Ban hana kowa ladan dubiya ba. A zo da lemo, a zo da ayaba, a zo da addu'a, ita kam ba ta yin yawa. Sai dai ina sanar da majalisa cikin ladabi cewa ranar aiki na biyu zan shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofa, da kofin ruwa mai sanyi. Duk wanda ya zo da magani, babba ko yaro, zai shanye abinsa tas a gabana kafin ya shiga. Banɗaki yana hannun dama.

Taka mai biyayya, mai durƙuso har ƙasa,

Munawwara Maigandi,
Unguwar Bolewa, Potiskum.